Sunana Yana Bayan Dutsen Istifanus

Tun da muka dawo daga Kumasi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburinmu na Makera ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Shu'aibu, wai da gaske a Gana biri ba ya zama a keji?" Wani kuma ya ce in faɗa masa ko teku tana da ɗaya gaɓar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, yawancinsu sun riga sun ji labarin daga bakin Istifanus, wurina tabbatarwa kawai suke zuwa yi. To ga nawa, zan rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ni mai walda ne, shagona yana Makera, nan Kaduna. Istifanus kuwa a unguwar Television yake zaune, sana'arsa ado da siminti. Zai lanƙwasa ragar waya, ya yaɓa mata siminti, ya bi da fenti, sai ka ga dutse ko kututturen itace, ka rantse daga daji aka ɗauko shi. Tare muka tashi a Kakuri, iyayenmu maza a masaƙa ɗaya suka yi aiki har aka rufe ta. Ina ƙaunarsa, kada wani ya juya min magana. Amma tun muna yara, in muka yi abu tare, shi ake gani.

Akwai wata Hajiya Rabi da ke da wurin shaƙatawa a Barnawa, da lilo da ciyawa da 'yan dabbobi don yara: jimina, ɗawisu, kunkuru, da wani ƙaton gwaggon biri da ake kira Kansila. Duk kejin da ke wurin ni na haɗa shi. Kuma kamar yadda kowane mai walda yake yi a garin nan, na rubuta sunana da lambar wayata da farin fenti a goshin kowanne. Mu ba mu da talla a rediyo, get ɗin da ka ƙera shi ne yake kawo maka na gaba. Mutane da yawa da na yi wa aiki a Barnawa, a jikin kejin Kansila suka kwafi lambata.

Sai wata mata ta kawo 'ya'yanta, ta ɗauki hoto, ta baza a waya tana cewa wurin Hajiya ya fi kama da gidan yari. Hajiya ta ji zafin maganar ƙwarai. Ta kira mu ni da Istifanus ta ce za ta gina wa Kansila sabon mazauni, babba, wanda ba a taɓa gani ba a Kaduna. Kowa ya kawo zanensa. Wanda ta ɗauki nasa shi ne shugaban aiki, sunansa ne zai hau gaba. Amma kafin nan mu je mu ga wani gidan namun daji na wani attajiri a bayan garin Kumasi, wanda surukinta da ke can ya daɗe yana ba ta labari.

A tashar Television muka hau doguwar bas ta Legas da safe. Ni matata ta ƙulla min dambun nama ta yi min addu'a daga gida. Shi kuwa matarsa ta zo, 'ya'yansa sun zo, har da mutanen cocinsu, suka kewaye shi suna waƙa sai ka ce Urushalima za shi. Kafin mu kai Kateri ya san sunan duk wanda ke kusa da mu. Ya zana fuskar wani jariri a bayan kwalin biskit, uwar ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta ba shi alale har ƙulli biyu. Ya miƙo min ɗaya. Na ci, don akwai daɗi, amma ban ji daɗin cin ba.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya ci gaba da tsare shi. Daga can muka shiga ƙaramar mota zuwa boda. Ni a tunanina boda katanga ce mai ƙaton get, har na shirya in duba irin waldar da aka yi masa. Ashe kasuwa ce: masu canji, masu dako, masu sayar da burodi, kowa yana jan hannun rigarka. Da aka nemi katin rigakafi, nawa yana can ƙasan jakar kayan aiki, don na taho da tef da guduma, ban san me ya sa na ɗauka Gana ba su da guduma ba. Sai da na zazzage komai a kan tebur, har da gajeren wandona, mutane suna jira a bayana. Istifanus ya daɗe da wucewa, yana can gefe yana koyon gaisuwa da Faransanci wurin wata mai lemo.

A Kwatano 'yan acaɓa duk rawayar riga suke sawa, fetur kuma a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi. A motar da ta ɗauke mu daga nan akwai wata 'yar kasuwa Bayarabiya mai jin Hausa. Ta ga Istifanus rungume da naɗaɗɗiyar takarda ta ce ya buɗe. Ya buɗe zanensa: duwatsu sun kewaye wurin tun daga ƙasa har saman katanga, ruwa yana gangarowa, Kansila zaune a kan dutse kamar hakimi. Motar nan gaba ɗaya aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Sai ya ce, "Ɗan'uwana ma yana da nasa, Shu'aibu nuna musu." Da ma bai faɗa ba. Nawa murabba'i ne, ginshiƙai, sanduna, rufin raga, ƙofa. Matar ta duba ta ce, "Wannan na kaji ne?"

A Lome titi yana bin bakin teku. Istifanus ya leƙa da kansa ta taga yana ta "Kai! Kai! Allah mai iko!" Ni ma na ga tekun, ruwa ne mai yawa. Amma abin da ya ɗauke min hankali shi ne yadda iskar gishiri ta cinye duk wani get da muka wuce, tsatsa har cikin gaɓoɓi. Na ce masa mai walda a garin nan ba zai taɓa rasa aiki ba. Ya ce, "Mutumina, an kawo ka gaban teku kana kallon tsatsa."

A Kumasi mun sauka a zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi, gidan Alhaji Fuseni surukin Hajiya, tsohon ɗan kasuwar goro. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka zo, shi bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausa ce a bakinsa. Gidan irin na haya ne mai tsakar gida ɗaya, aka ba mu ɗaki da katifa biyu. Da safe koko da ƙosai kamar a gida. Da rana aka kawo shinkafa da wake da suke kira wace, an zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji, duk a kwano ɗaya. Na ce a raina wannan ai abincin mutum uku ne aka haɗa wa rigima, amma na cinye tas. Sakwararsu ce ta ba ni kunya. Na sa loma ina taunawa, sai matan gidan suka fashe da dariya, wai ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Istifanus kuwa ya haɗiye tasa kamar a can aka yanke masa cibiya, har uwargidan Alhaji ta ƙara masa nama.

Ranar Asabar muka fito muka tarar an tare titi da rumfuna, ana kiɗa, mutane sun sha ado cikin baƙi da ja, ga ƙaton hoton wani dattijo yana murmushi. Alhaji ya ce mu tsaya mu gaisa, maƙwabta ne. Ni da azarɓaɓina na miƙa wa na farko hannu na ce Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Alhaji ya taka min ƙafa. Ashe jana'iza ce, kuma mamacin ya yi watanni a firjin asibiti ana jiran 'ya'yansa su hallara. Mu da muke binne mutum kafin a sauke tukunya, abin ya ɗaure min kai. Istifanus ya ce su a wajensu ana ɗan jira, amma ba kamar haka ba. Kafin mu bar wurin har rawa ya taka musu, wata tsohuwa ta goge masa gumi da gefen zaninta.

Washegari muka je abin da ya kawo mu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: wurin ya yi kyau. Ka shigo ta ƙarƙashin itatuwa, ka tsaya a bakin wata 'yar katanga da ba ta wuce ƙugu ba, a gabanka rami mai faɗi da ruwa, a hayin ramin ga birai suna harkarsu a kan duwatsu, uwa tana duba wa ɗanta ƙwarƙwata. Babu sanda ko ɗaya tsakaninka da su. Na duba hagu na duba dama ina neman ƙarfe, ban ga ko na rataye riga ba. Na ga sana'ata ba ta da wurin zama a nan, kuma abin da Hajiya take so ke nan.

Istifanus ya ƙwanƙwasa wani dutse da ke gefen hanya ya daka tsalle. "Shu'aibu, siminti ne! Irin aikina ne, Allah ya sani!" Nan take ya kira Hajiya ta bidiyo yana juya wayar. Ina jin muryarta tana "Masha Allah, Masha Allah, Istifanus ka gani ko?" Ba ta tambayi ko ina wurin ba.

Mai kula da biran wata mata ce mai jiki, Anti Akosuwa, ta iya Hausar zango. Don haushi na fara yi mata tambayoyi, ina neman inda wurin ya gaza. Na ce to ta ina kuke shiga ku yi shara? In ɗaya ya yi ciwo ta yaya kuke ware shi? In an yi ruwa kashinsu ina yake tafiya? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ba kallo ka zo ba. Biyo ni." Na kira Istifanus, ya ce abeg in je kawai, bayan yana wari, kuma yanzu ne hasken rana ya dace da hoto.

Muka zaga ta bayan dutsen, ta buɗe wata ƙaramar ƙofa. Jama'a, ashe duk ƙarfen duniya a nan yake. Dutsen nan fanko ne, cikinsa ɗakunan kwanan birai ne a jere. Kowane ɗaki da ƙofar da ake zugewa da igiyar ƙarfe daga waje, ba sai mutum ya kusanci dabba ba. Hanyar shiga ƙofa biyu ce, ta ciki ba ta buɗuwa sai ta waje ta rufu. Sakata tana inda hannun biri ba zai kai ba ko ya miƙe iya miƙewa. Daɓen ƙasa an karkata shi, ruwan wanki yana bi ta kwata ya fice da kansa. Na sa babban yatsa na shafa gaɓar wata ƙofa, waldar sumul, ba ƙuraje ba rami. Shekaruna a sana'ar nan ban taɓa yin irinta ba. Na shigo da kishin mutum ɗaya, sai na koma ina kishin biyu.

Na tambaye ta wa ya yi. Ta ce wani dattijo ne a unguwar makanikai. Na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman sunansa, sama da ƙasa, babu. Na ce mutum ya yi aiki irin wannan bai sa suna ba? Ta yi dariya ta ce, "Wa zai karanta a nan?"

Da za mu fito ta nuna min katangar da ta kewaye wurin ta baya, wadda itatuwa suka ɓoye wa masu kallo. Samanta sumul yake kamar tangaran, kuma ya ɗan sunkuyo ciki. Ta ce da farko ba haka take ba. Maigidan ya so ko'ina ya zama dutse, aka yi mata gargada har sama, ta yi kyau a hoto. Ba a jima ba wani namijin biri ya hau ta kamar tsani, aka tsince shi a rumfar wata mai gasa ayaba, ya yaga mata hannu da haƙori. Dole aka kankare. Ta ce, "Ka riƙe wannan. Duk inda kan yatsanka zai shiga, biri zai hau."

A take zanen Istifanus ya faɗo min a rai, duwatsu tun daga ƙasa har saman katanga, ko'ina wurin sa yatsa. Na fito na same shi yana ɗaukar hoto da wasu 'yan makaranta. Ya ce, "Me ka gani a bayan?" Na ce ƙarfe.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Na lissafa abin tsaf. In na yi shiru, Hajiya za ta ɗauki zanensa, ya gina, Kansila ya haye ya fita, kowa ya ce ai da ma ado ba ya tsare dabba, a dawo a nemi Shu'aibu da sandunansa. In na yi magana, na gyara masa aikin da zai binne nawa. Na ce wa kaina ai ba ni na hana shi shiga bayan dutse ba, wari ne ya hana shi. Da wannan magana a cikina na yi sallama da Alhaji Fuseni, da ita na ƙetare boda uku. A hanya Istifanus yana ta tsara yadda ruwan zai gangaro, ni ina ta cewa "haka ne". Ko tsatsar Lome ban kalla ba a dawowa.

A Lakwaja bas ta tsaya da rana don a ci abinci. Muka sayi soyayyen kifi muka zauna a benci. Sai ya zaro wata 'yar sarƙar duwatsun ado daga aljihu ya ce tsarabar Nana ce, 'yata ƙarama, wadda tun tana goye yake kiranta uwarsa. Ya ce, "Ranar buɗewa ita zan tsayar a gaba, ita da yaran cocinmu. Ba ƙarfe tsakaninsu da Kansila, su gan shi ido da ido."

Ni na san Kansila. Na ga abin da ya yi wa kwanon ƙarfen da ake zuba masa abinci, ni na gyara kwanon. Na ajiye kifin. Na ce, cikin faɗa kamar shi ya yi min laifi, "Katangarka tsani ce. Zai hau ta kafin fentinka ya bushe." Na kwashe duk abin da Anti Akosuwa ta faɗa na gaya masa, har da mai gasa ayaba.

Ya daina ci. Ya ce, "Tun yaushe ka san wannan?"

Na ce tun Kumasi.

"Ka riƙe shi har Lakwaja?"

Na ce na riƙe.

Ya dube ni. Sannan ya cire kan kifinsa, wanda ya san na fi so, ya ɗora a kan takardata. Ya ce, "To, gara da ba ka kai shi Barnawa ba." Bai ƙara tayar da maganar ba har yau, kuma wannan ma yana ba ni haushi.

Da muka je gaban Hajiya ya shimfiɗa sabon zane: duwatsu a tsakiya inda ido zai gani, katanga sumul a ɓoye bayan shuke-shuke, ɗakin kwana a cikin dutsen. Kuma bai ɓoye ba, ya ce, "Hajiya, Shu'aibu ne ya gano kuskuren. Da ba don shi ba da na jawo miki bala'i." Na gyara zama ina jiran abin da za ta ce. Ta dafa ƙirji ta ce, "Kai Istifanus, ga basira ga sauƙin kai! Mutum ya faɗi kuskurensa da bakinsa!" Sannan ta juyo ta ce, "Malam Shu'aibu, kai za ka yi mana ƙofofin baya. Amma don Allah kada in ga farin fentin nan naka da lambar waya a inda baƙi za su gani."

Na yi ƙofofin. Ban taɓa zuba ƙwazo a aiki kamar wannan ba, don dattijon Kumasi da ban taɓa gani ba yana tsaye a raina. Na goge kowace gaɓa har sai da yatsa ya wuce bai ji komai ba. Da na zo kan ƙofar ƙarshe, wadda ake zugewa Kansila ya shiga ɗakin kwana, hannuna ya ƙi barinta haka. Na ɗauki sandar walda na rubuta sunana da lambata da narkakken ƙarfe, can ƙasa, ta fuskar da ke kallon cikin ɗakin.

Ranar buɗewa Barnawa ta cika, keke Napep na sauke mutane, motoci har bakin titi. An kafa ɗan allo a gaba da sunan Istifanus. Nana tana tsaye a bakin ramin da sarƙarta a wuya, Kansila yana hayi a kan dutsensa yana ɓare gyaɗa. Ta ja rigata ta ce, "Baba, ina naka aikin?" Na ce, "Kin ga shi yana can, ke kina nan? To shi ne aikina." Ta ɗan yi tunani, ta ce to, ta ruga wurin Istifanus a ɗauke su hoto.

Kwanan baya na je sa wa igiyoyin mai, sai mai sharar wurin ya ce in zo in ga wani abu. Ashe Kansila ya gano rubutun nan yana da daɗin susa. Kullum kafin a buɗe masa sai ya juya baya ya goga a kai son ransa. Na durƙusa na leƙa. Duk ƙofar baƙa ce, sunana kaɗai ke ƙyalli, ban taɓa ganinsa ya yi kyau haka a jikin wani get ba. Har yau babu wanda ya kira ni ta dalilinsa.